Numfashin Saniyar Malam Ja'e

Jikata Hauwa'u ta zo hutu daga jami'a da ƙawayenta biyu, suka zauna a tsakar gida suna ta mita wai an ƙi ɗaukarsu aikin bincike a ɗakin gwaji, gurbi kaɗan ne, masu nema kuwa kamar fara. Na ce ai ni ma a irin wannan ɗakin na ƙare ƙuruciyata. Wata mai tabarau a cikinsu ta ce, "Kaka, wane bincike ka yi?" Kafin in buɗe baki Hauwa'u ta riga ni: "Hayaƙi yake hura wa takarda." Suka tuntsire da dariya har ɗaya tana riƙe ciki. To, tunda kallon hadarin kaji ake yi wa sana'ata a cikin gidana, bari in faɗa muku yadda take, ku da duk mai irin tunaninku.

Sunana Ilu, mutumin Gagarawa ne ni, amma a jami'a ba wanda ya san ni sai da Ilu Mai Hayaƙi. Da shara na shiga sashen da ake koyar da yadda jiki da ƙwaƙwalwa suke aiki. Wani dattijo, Malam Garba, shi ne mai kula da kayan ɗakin gwaji, ya ga hannuna ba ya rawa, ya ce in ajiye tsintsiya in zo. Ban san wahala na tafi ɗaukowa ba.

Babban kayan aikinmu wata ganga ce ta tagulla, girmanta kamar ƙaramin bokiti, tana tsaye a kan sanda. Ana murɗa mata makulli kamar agogon bango, sai ta riƙa juyawa a hankali. A jikinta ake naɗa farar takarda mai sheƙi, a manne bakin da ƙaro, sannan a riƙa juya ta a kan harshen fitilar kananzir har ta yi baƙi ƙirin. Wani siririn tsinke mai baki kamar allura shi ke jingina da ita. Duk abin da aka ɗaura wa tsinken, in ya motsa, sai ya karce hayaƙin, farin layi ya fito a kan baƙi. Da haka ake rubuta bugun zuciyar kwaɗo, da zaburar tsoka in an taɓa jijiyarta da lantarki, da numfashin mutum.

Hura hayaƙin nan da kuke wa dariya, na daɗe ina yinsa Malam Garba yana yagewa. In ya yi kauri, tsinke ya cije ya riƙa ɓamɓaro shi. In ya yi ƙaranci, layi ba ya fitowa. In hannunka ya ɗan tsaya a wuri guda, takarda ta kama da wuta, gashin girarka ya bi ta. Ranar da ya fara karɓar tawa bai ce ta yi kyau ba, cewa ya yi, "To, yau ba a yi asarar kananzir ba." Wannan ne yabon da na samu a wurinsa har ya bar aiki.

Abin da ya fi komai ban haushi shi ne hayaƙin ba kama takarda yake yi ba, zama kawai yake yi a kanta. Sai an gama rubutu, an yanke ta, an tsoma ta a banish, wato irin man da kafintoci ke shafa wa katako, wanda muke narkawa da sifirit, sannan ta zama abin ajiya. Kafin nan ƙuda ma in ya sauka sai ya bar sawu. Shi ya sa kalmar da na fi furtawa a rayuwata, bayan salati, ita ce "kada a taɓa!" Kuma sai sun taɓa. Ɗalibai ne masu cinikina, na kuwa ga iri-iri. Akwai wanda ya yi wuni yana aiki a kan zuciyar kwaɗo, ya gama, ya sunkuya ya yi mata atishawa. Akwai wanda ya ga ƙuda a kai ya hure shi da baki, ya hure har da aikin. Akwai wadda gefen gyalenta ya share na maƙwabcinta, aka yi ta rigima har ofis. Duk wanda tasa ta lalace kuma ni yake harara, kamar ni na ba shi mura.

A zamaninmu ma gurbin binciken nan ba a samunsa a ɓagas. Shugaban ɗakin gwajinmu wani Dakta ne ɗan Indiya, muna ce masa Dakta Gajere. Duk dogon hutu yakan zaɓi ɗalibai kaɗan ya ba kowa aikin kansa. Wanda aikinsa ya fi cika shi ake riƙewa a sashen bayan ya gama digiri, a tura shi ƙarin karatu. A farkon shekarun saba'in, shekarar da aka yi babban fari, ɗalibai biyu ya zaɓa, gurbin kuwa ɗaya ne. Ɗaya ya zauna a jami'a da kwaɗinsa cikin inuwa. Ɗayan shi ne Buba, ɗan Fulanin wata ruga kusa da Ɗanzomo, yaro dogo marar yawan magana, wanda bai taɓa ɓata mini takarda ba.

Tambayar Buba mai kyau ce, ko ni da ban yi boko mai zurfi ba na gane ta. Saniya in zafi ya dame ta haki take yi don ta huce, amma hakin yana ƙarar mata da ruwan jiki. To in ga zafi ga ƙishirwa, wanne ƙwaƙwalwa za ta zaɓa? Sai a rubuta numfashinta da tsakar rana tana cikin ƙishirwa, a ba ta ruwa, a sake rubutawa, a gwada biyun. Rabi ɗaya ba shi da amfani sai da ɗan'uwansa. Dakta ya ce a je inda zafin da shanun suke, ya haɗa shi da ni saboda ni ɗan ƙasar ne. Motar sashe ta sauke mu a Gumel da ganga da fitila da kwalbar banish, ta juya ta tafi abinta.

Damina ta zo a suna kawai a shekarar. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Ranar kasuwar Maigatari muka fara, mun tarar shanu sun cika fili, har na maƙwabtanmu na arewa, da muke ce wa mutanen ƙasar Faransa, da suka ƙetaro iyaka, kowace kana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Wani dillali ya ara mana wata baƙar saniya. Na ɗaura mata bututun roba a ƙirji, wanda in ta ja numfashi yake tura iska ta ɗaga tsinke. Mutane suka kewaye mu kamar masu wasa da kura. Ba mu yi nisa ba wani yaro ya bangaji teburin, takarda ta lalace. Muka ce sai gobe. Da gari ya waye saniyar ta mutu.

Shanu nawa suka mutu a Maigatari a daren nan, Allah kaɗai ya sani, amma wadda aka ɗaura wa roba ita kaɗai aka gani. Kafin azahar labari ya gama kasuwa: 'yan boko sun zo da baƙar ganga mai zuƙe numfashin dabba. Wani tsoho ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Malam, numfashin kowane mai rai a ƙidaye yake a wurin Ubangiji. Kai da kake kwashe shi kana zubawa a takarda, daga cikin wanne kake ɗiba?" Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Na ɗaura wa kaina robar a gaban jama'a, suka ce ai mai ganga ba ta cin nasa.

Labarin ya riga mu zuwa ko'ina. A Sule Tankarkar muna sauka daga lori aka fara kora shanu bayan gari. A Gagarawa, garinmu, inda aka yanke mini cibiya, kawuna da ya ji na iso sai ya shigar da jakinsa ɗakin matarsa ya ja ƙyaure. Jaki! Wa ya tambaye shi jaki? Hutu yana ta ƙarewa, ba mu da layi ko ɗaya, Buba kuwa sai ƙara ramewa yake yi. Na ce masa, "Kai ba ɗan masu shanu ba ne? Mu je gidanku mana." Ya ce, "Baba Ilu, abin da ya rage wa Baffa bai kai a roƙa ba." Mahaifinsa yake nufi. Da ƙyar na ja shi muka tafi Ɗanzomo, mai unguwa ya ba mu wani ɗakin ƙasa muka sauke kaya.

Buba ya je ya gaida gida ya dawo, bai roƙi komai ba. Kashegari da hantsi sai ga wani dogon tsoho da sanda a kafaɗa, yana jan wata jar saniya mai manyan ƙahoni. Mahaifinsa ne, Malam Ja'e. Buba ɗan fari ne, don haka tsohon bai taɓa kiran sunansa ba tun da aka raɗa masa, ko kallonsa sosai ba ya yi a gaban mutane. Ni kuma Bamange ne, mu da Fulani abokan wasa ne, ba abin da ba za mu faɗa wa juna ba.

Ya ce, "Kai ne bawan namu mai ganga? An ce tana shan numfashi."

Na ce, "Ƙarya ne, Bafillace. Da tana sha, da naka zan fara."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni dai na yarda tana sha." Sannan ya nuna Buba da haɓa. "In ba a samu saniya ba, me zai sami wannan?"

Na ce, "Za a ba wani gurbinsa."

Ya shafa wuyan saniyar ya ce, "Sunanta 'Yar Gata. Tun jiya ba ta sha ba. Ɗaura."

Ban taɓa hura hayaƙi mai kyau irin na ranar ba, na faɗa ba don yabon kai ba. Muka kafa teburi a gindin wata aduwa, tsohon ya riƙe ƙahon yana yi mata magana da Fillanci, ta tsaya cik. Tsinke ya riƙa hawa da sauka, layi ya fito fes. Da aka gama na ƙishirwa, Buba ya tuɓe riga ya je rijiya, wadda sai ka ƙare igiyar guga kafin ka ji ƙarar ruwa, ya yi ta ja har tafinsa ya fashe. Ta sha ta ƙoshi. Muka sake kunna ganga, sai ga layin ya canja kama a gaban idonmu, haki ya ƙaru, ya yi sauri. Buba ya dafe kai ya ce, "Ka gani, Baba Ilu? Ashe riƙe hakin take yi saboda ƙishirwa!" Ran nan na fara jin muryarsa da ƙarfi. Ya ɗauki ƙaya ya karce sunansa a sama, daidai kan rabi na biyu, kamar yadda kowane ɗalibi yake yi.

Na yanke takarda, na ɗauko kwalbar banish, na cire toshiya, na karkata ta, ko ɗigo bai fito ba. Ashe mai kula da siton sashenmu ya ba ni kwalba mai tsohuwar toshiya, zafi ya busar da ita, sifirit ya gudu, abin da ya rage ya daskare a gindi kamar ƙaron da ya shekara. Abin da na faɗa a kan mutumin nan ba na rubutawa ba ne. Sifirit kuwa sai Kano. Na ba wani direban lori saƙo, na kai takardar ɗaki a tafin hannu kamar jariri, na kafe ta a bango da ƙayoyi, na rataya gidan saurona a gabanta yadda ba zai taɓa ta ba, na zauna gadi. Na yi faɗa da ƙuda, na yi da ƙadangare, na yi da 'ya'yan mai unguwa, na yi da wata akuya da ta ɗauki ɗakin na gadonta ne. Ko salla a bakin ƙofa nake yi.

Muna cikin jiran nan 'Yar Gata ta faɗi a hanyar rijiya ta kasa tashi, aka yi sauri aka sa mata wuƙa. Yunwa ce ta kashe ta, kamar yadda ta kashe sauran, amma je ka faɗa wa mutanen Ɗanzomo haka. Daga ranar na san ko kaza ba za a sake ba mu ba a ƙasar nan. Takardar da ke bango ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe.

Ranar Juma'a Malam Ja'e ya shigo gari salla, cikin farar babbar rigarsa, da alama ita kaɗai gare shi. Da aka sauko ya biyo ta ɗakinmu ya yi sallama. Na zaci faɗa ya zo yi, na shirya masa amsa. Sai ya ce, "Bawa, nuna mini inda kuka zuba shi."

Na ɗage gidan sauro na ce, "Ka gani da ido, amma kada a taɓa." Buba ya koma gefe ya sunkuyar da kai. Na nuna wa tsohon daga nesa: nan tana cikin ƙishirwa, nan ta sha. Ya daɗe yana kallo, hannuwansa a baya. Sannan ya ce, "Wannan na sama fa, mai kama da tafiyar tsutsa? Shi ma nata ne?"

Na ce, "A'a, wannan sunan ɗanka ne."

Ya matsa kusa. Ya kalli rubutun kamar mai neman fuskar wani a cikin taro. Sai na ga hannunsa na dama ya fito daga baya, ya ɗaga, ya ɗora yatsa a kan sunan a hankali. Faffaɗan hannun rigar ya biyo, ya kwanta a kan takardar, da ya sauke hannu ya share rabi na biyu tun daga sama har ƙasa. Sunan ma ya tafi, sai sawun yatsan ya rage a wurinsa.

Na buɗe baki. Ina da izinin zaginsa tun daga kakanni, ga zagin ya taho har maƙoshi, sai na ji Buba ya taka mini ƙafa da dukkan nauyinsa. Tsohon bai lura da komai ba, idonsa yana kan inda ya taɓa. Ya ce, "Madalla. Allah ya sa albarka." Ya ɗauki sandarsa ya fita, baƙin hayaƙi shafe a hannun rigarsa har gwiwar hannu.

Na zauna a ƙasa. Da na dawo hayyacina na ce wa Buba, "Saurara. Layin nan na kalle shi har na haddace. Zan hura sabon hayaƙi a wurin, in ɗauki ƙaya in mayar da shi yadda yake. Ko Dakta da tabaransa ba zai gane ba."

Ya ce, "Ba numfashinta ba ne, Baba Ilu. Naka ne."

Na ce, "Kai da idonka ka ga abin da ta yi! Ƙarya za mu yi? Mayarwa za mu yi!"

Ya kalli bango ya ce, "In ka hura hayaƙi a nan, yatsan ma zai tafi."

Na yi masifa, na yi lallashi, na ce gurbinka ne fa, na ce saniyar ubanka ta tafi a banza ke nan. Ko gezau. Taurin kan Fulani in ya haɗu da na boko, sai dai ka sa wa zuciyarka ruwa. Kashegari da safe direba ya iso da sifirit, yana ta fara'a yana jiran godiya. Na narka banish na tsoma takardar yadda take. A duk shekarun da na yi ina wannan aiki, shi ne sawun yatsa kaɗai da na taɓa kamawa da banish da hannuna.

Dakta Gajere ya shimfiɗa ta a teburi ya duba rabin farko ya ce bai taɓa ganin mai kyau irinsa ba. Ya tambayi ina sauran, Buba ya ce ya goge. Ya ce wa ya goge, Buba ya ce tsautsayi ne. Dakta ya ce ya yarda da abin da muka ce mun gani, amma ba zai iya kai maganar baki gaban manya ba. Aka ba mai kwaɗi gurbin. Ban ce an yi zalunci ba, aikinsa cikakke ne, ni na hura masa hayaƙin. Amma na yi wata guda ba na amsa gaisuwarsa da kyau.

Buba ya gama digirinsa ya dawo ƙasar Gumel yana koyarwa a makarantar sakandare har ya yi ritaya. Malam Ja'e ya rasu bai taɓa sanin abin da rigarsa ta yi ba. An ce duk wanda ya tambaye shi labarin ɗan, sai ya ce, "Wannan ai sun gama aikinsu, na gani da idona." Ni kuwa har yau haushi nake ji, abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san wa zan ji haushinsa ba. Sai in ƙare a kan mai sito.

Da sababbin na'urori suka zo, aka kwashe gangunanmu aka zuba a sito, takardun da na yi shekaru ina kamawa aka tara su a bayan sashe aka cinna musu wuta. Banish kuwa yana son wuta. Ke mai tabarau, in kina son ganin aikin Ilu Mai Hayaƙi, guda ɗaya ce ta rage a duniya, kuma lalatacciya ce. Tana rataye cikin gilashi a ɗakin Malam Buba a Gumel, ku je ku gani, amma kada a taɓa. Rabi layi ne, rabi shafe. Baƙi sukan tambaye shi, in dai aikinsa ne, ina sunansa a jiki? Sai ya tashi ya nuna musu yatsan.